Daga New Bell Zuwa Manoka: Tukwicin Mai Fito



Mu mutanen New Bell mazauna bakin ruwa ne, amma da yawanmu sukan shekara ashirin a Duwala ba su taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Kakanninmu da suka gangaro daga ƙasar Hausa ta hanyar Adamawa tun zamanin Jamus, fatauci ne ya kawo su, kuma da unguwar nan ta zama masaukin baƙi wajen shekarar 1914, sai suka kafa masallaci da kasuwa, suka ba kogi baya. Mu ma mun gaji wannan hali. Yaronmu ya san kowane lungu na Kasuwar Kwango, ya san kuɗin bensikin daga nan zuwa Akwa ko Ndokoti, amma in ka tambaye shi Youpwé, iyakar abin da zai ce maka shi ne can ake sayo kifi, alhali kuwa Youpwé da New Bell ƙaramar hukuma ɗaya suke, wato Duwala ta 2. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mun san ladabin tasha da na kasuwa, amma muka jahilci ladabin mashigi. Wannan jahilci ne ya kunyata mu a wata tafiya da muka yi a watan Disamba na 2024, kuma mun ga ya dace mu ba ku labarinta domin kada wani gida ya faɗa ramin da muka faɗa.

Hanyar ruwa

Baƙi ne suka zo mana daga Ngaundere, Kawunmu da Gwaggonmu da yara uku, muka ce bari mu kai su su ga abin da babu shi a tudu. Da hantsi muka isa Youpwé, inda ƙasar Japan ta taimaka aka gina sabon mashigi da kasuwar kifi. Wurin cike yake da hayaniyar mata masu sarin kifi, da ƙarnin ruwa, da kwalekwale dogaye na katako waɗanda aka ɗaura wa inji a gindi. Daga nan ake fito zuwa tsibirin Manoka da Cap Cameroun da sauran sansanonin masunta. Mu goma sha ɗaya ne, don haka muka ga gara mu yi shatar jirgi guda, zuwa da dawowa. Matuƙin ya ce jaka 50. Kawu, wanda ya tsufa a cinikin shanu, ya gyara zaman hula ya shiga ciniki, bai bar mutumin ba sai da aka tsaya a jaka 40, ya waiwayo yana murmushi kamar wanda ya ci kasuwa.

Mutum biyu ne ke aikin jirgin. Akwai matuƙi a baya riƙe da inji, akwai kuma wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, wanda a tasha da mun kira shi yaron mota. Shi ya rarraba mana rigunan kariya daga nutsewa, ya ɗaure wa yara nasu da hannunsa, ya zaunar da mu yadda nauyi zai daidaita, sa'an nan ya koma goshin jirgi da doguwar sanda da wata jarka da aka yanke domin kwarfe ruwa.

Duk wanda ya saba ganin kogin Wouri daga kan gada, a hanyarsa ta zuwa Bonaberi, bai san girmansa ba. Da muka fita daga ƙorama muka shiga sarari, sai gaɓa ta yi nisa har Gwaggo ta fara salati tana tambaya ko mun shiga teku ne. A wannan bakin kogi ne Turawan Fotugal suka iso wajen shekarar 1472, suka tarar da jatan lande jingim, suka raɗa masa suna Rio dos Camarões, wato Kogin Jatan Lande, kuma daga nan ne sunan Kamaru ya samo asali. Dama da hagu akwai dajin itatuwan da mutanen Duwala ke kira matanda, waɗanda ke tsaye cikin ruwan gishiri bisa saiwoyinsu kamar masu ɗage riga kada ta jiƙe. Abin da ya fi ɗaure wa baƙinmu kai shi ne halin ruwan. Su sun san kogi yana kawowa da damina ya janye da rani, amma nan ruwa yana cika ya janye sau biyu tsakanin asuba da asuba, kuma idan ya janye sai ya bar fili na baƙin taɓo inda ɗazu jirgi ya wuce. Saboda haka mai fito a nan da lokacin ruwa yake aiki, ko da kuwa bai dace da agogon fasinja ba.

Bayan tafiyar kusan awa ɗaya muka sauka Manoka, wanda shi ne tsibiri mafi girma a Kamaru, kuma hedkwatar ƙaramar hukumar Duwala ta 6. Garin masunta ne, da yawansu 'yan asalin gaɓar tekun Najeriya, kuma ko'ina ka duba hayaƙi ne ke tashi daga rumfunan ƙyafe kifi. Wani abin sha'awa shi ne su ma banda suke kiran wurin ƙyafewar, kamar yadda muke cewa kifin banda. Mun ga kangon wani tsohon gini mai tsawo na zamanin Turawa a bakin rairayi, muka ci abincin da muka yo guzuri, muka yi sallar azahar. Tun da muka sauka matuƙin ya ja mana kunne cewa lalle mu dawo jirgi kafin ƙarfe uku, domin ruwa zai janye. To, amma Kawu ya sami kifin banda da araha, ciniki ya yi daɗi, ba mu koma bakin ruwa ba sai da huɗu ta gota.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne

Matuƙin bai ce mana uffan ba, ya dai dubi ruwa ya girgiza kai. Mun yi nisa da dawowa, muna cikin wata ƙorama, sai muka ji jirgi ya yi gurnani ya tsaya, cikinsa ya zauna a kan taɓo. Saurayin nan ya tuɓe riga ya dira. Taɓon ya kai masa cinya, ya sa kafaɗa yana turawa, matuƙi na dogara sanda, mu kuwa muna zaune a bushe muna kallo. Sun fi rabin awa a haka kafin su kai mu inda ruwa ke da zurfi. Da aka ta da inji kuma sai ya shaƙe, ashe tsohuwar koma ce da igiyoyi suka nannaɗe farfela. Yaron ya kama wuƙa da haƙora ya nutse ƙarƙashin jirgi cikin ruwan da ba a ganin tafin hannu, ya ɓullo ya sha iska, ya sake komawa, har sau biyar ko shida. Yara sun fara kuka, rana ta yi ja, Gwaggo ta riƙe carbi da hannu biyu.

Bayan magariba muka iso Youpwé. Ruwa bai gama dawowa ba, jirgi ya kasa matsawa jikin matakala, don haka yaron ya ɗauki ƙananan yara ɗaya bayan ɗaya ya tsallakar da su, ya shimfiɗa katako ya riƙe shi da ƙafa har Gwaggo ta haye, ya sauke buhun kifin Kawu. Kawu ya ƙirga jaka 40 cif ya miƙa wa matuƙi. Sai saurayin ya matso yana ɗingishi, ruwa na ɗiga daga jikinsa, ya yi murmushi ya ce da Faransanci, “Patron, la bière?” Fuskar Kawu ta canza. Ya ce, “A'uzubillahi! Ni zan sayi giya da kuɗina? Ai mun biya abin da muka yi ciniki.” Mu da muka san yaren garin muka yi shiru saboda nauyin babba, ga gajiya, ga sallah na jiranmu, muka nemi mota muka tafi.

Da dare muna ba Malam, mahaifinmu, labari, kowa na faɗin irin tsoron da ya ji. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce, “To, yaron da ya shiga ruwa fa, me kuka ba shi?” Kawu ya ce, “Allah ya gafarta Malam, kuɗin giya ya roƙa.” Malam ya ce, “Alhaji, da ɗan aike ya kawo maka saƙo ka ce masa ga na goro, kakan bi shi kasuwa ka ga ko goron ya saya? Kalma ce ta bakin mutanen gari. In ta yi maka nauyi, sai ka ce ga na abinci, ka ba shi. Jaka 40 kuɗin fito ne, shi kuka yi ciniki. Nutso kuwa ba ku yi cinikinsa ba, kuma jinkirinku ne ya jawo shi.” Ya tuna mana umarnin da kowane ɗan makarantar allo ya sani na gaggauta sallamar ma'aikaci tun yana jiƙe da gumi, ya ce wannan har da ruwan kogi ya jiƙe, kuka juya masa baya. Kawu ya daɗe bai ɗaga kai ba. Da asuba shi da kansa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce, “Ɗana, tashi ka raka ni.”

Ina kuɗin fito ke tafiya?

Mun sami yaron zaune a kan jarka, ƙafarsa ɗaure da tsumma, wani abu mai kaifi cikin taɓo ya tsaga masa diddige, kuma ranar ba zai iya fita aiki ba. Kawu ya ba shi abin da ya ba shi, ya ƙara da na magani, ya nemi afuwa ta bakinmu. Yaron ya yi dariya da muka gaya masa abin da ya ɓata wa Kawu rai, ya ce shi shinkafa yake tunani a daren.

A wannan zama ne matuƙin ya warware mana lissafin da ba mu taɓa yi ba. Jirgin da injin ba nasa ba ne, akwai mai su a gari, wanda ke jiran kasonsa kowace rana. Fiye da rabin abin da muka biya mai ne ya sha, kuma kowa ya san litar fetur da take sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa 840 a Fabrairun 2024. Abin da ya rage bayan mai da mai jirgi da kuɗin mashigi, shi ne matuƙi zai ɗiba ya ba yaronsa wani abu a ciki. Jaka 10 da Kawu ya rage a ciniki ba ta taɓa fetur ba, domin inji ba ya jin ciniki, daga aljihun mutum biyun nan ta fita. A shekarar 2023 gwamnati ta tsayar da mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba, amma yaron jirgi ba ɗan albashi ba ne, ranar da bai fita ba babu ko dala, kuma a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwan sama ke kwana yana zuba, fasinjan yawon buɗe ido sai a yi ta nema.

Mu Hausawa ba baƙin wannan al'ada ba ne. Tun muna yara aka koya mana cewa yaba kyauta tukwici, kuma uwar da aka kawo wa kwanon abinci daga maƙwabta ba ta barin yarinyar da ta kawo ta koma hannu wofi. A garuruwan bakin kogi na ƙasar Hausa akwai sarkin ruwa da sarkin jirgi, an san kuɗin fito, an kuma san ihsanin da matafiyi ke ƙarawa idan mai fito ya haye da shi lafiya a ranar da kogi ya cika ya batse. Abin da ya faru da mu shi ne mun bar al'adarmu a gida, da muka ji ta da sunan pourboire, wanda fassararsa ita ce “domin sha”, sai muka kasa gane ta.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A ƙasashen da yawon ruwa ya zama babbar sana'a, an daɗe da tsara wannan al'amari. Tun da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a Faransa a 1943, nutso ya zama abin da ake koyo ana biya. Mutum zai goya tukunyar iska, ya sa tabarau na ruwa da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya bi malamin nutso zuwa ƙasan teku. Wannan malami shi ke duba kayan ɗalibi, shi ke lura da yawan iskar da ta rage masa, shi ke hana shi tasowa da gaggawa, domin tasowa da gaggawa daga zurfi na iya nakasa mutum ko ta kashe shi. A Amurka da tsibiran Karibiyan an saba ba su kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiyar, ko dalar Amurka 5 zuwa 10 a kan kowace tukunyar iska. A garuruwan Masar na bakin Bahar Maliya, irin su Hurghada da Sharm el-Sheikh, inda ake kiran abin bakshish, jiragen da ke kwana da baƙi a teku sukan zagaya da ambulan ko akwati a ranar ƙarshe, a raba abin da aka tara har ya kai ga mai dafa abinci da mai cika tukwane, waɗanda baƙo bai cika ganinsu ba. A Japan kuwa ba a ba da tukwici, wanda ya miƙa ma yana iya sa ma'aikaci jin kunya. Darasin da ke ciki ga ɗanmu mai karatu a waje, ko ɗan kasuwarmu da ya je Masar ko Zanzibar, shi ne ya tambayi al'adar wuri tun kafin ya shiga jirgi, kuma ya tuna da hannuwan da ke aiki a bayan fage.

Ladabin tukwici a mashigi

Ga abin da muka tsayar wa kanmu a gida bayan wannan tafiya, ko a Youpwé ne, ko a Kribi wajen masu tuƙa baƙi da filafili zuwa gindin magangarar ruwan Lobé, inda kogi ke zubowa kai tsaye cikin teku.

Da farko, a raba kuɗin fito da tukwici tun a zuci. A yi ciniki a fili kafin a shiga, a san ko zuwa da dawowa ne, a san lokacin jira, amma kada a matse mai jirgi har ya rasa na mai, domin wanda aka matse shi ne ke ƙara fasinja fiye da kima ko ya fita da fetur ƙalilan. Sa'an nan a ware tukwici daban cikin kuɗin tafiya, kamar yadda ake ware na mota da na abinci.

Game da yawansa, babu doka, amma mu mun ga idan iyali suka yi shatar jirgi, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shata ya yi daidai, a raba tsakanin matuƙi da yaransa. Wanda ya shiga jirgin haya tare da jama'a ba a jiran komai daga gare shi, sai dai idan an ɗaukar masa kaya ko an tsallakar masa da yaro ko tsoho, nan dala ɗari ko jaka guda ba ta yi yawa ba. Idan kuwa wani abu ya faru wanda ya wuce aikin yau da kullum, musamman in laifinmu ne, to a auna da girman wahalar da kuma abin da da an rasa. Tun da canji na wuya a garin nan, a tanadi 'yan ɗari biyar-biyar da jaka-jaka tun daga gida, kada “ba ni da canji” ya zama mafakar rowa.

A ba kowa nasa a hannunsa. In aka dunƙule aka ba matuƙi, wataƙila ya raba da adalci, wataƙila kuma ya manta da ƙarami. In dole sai an ba mutum ɗaya, a faɗa a gaban sauran cewa na kowa da kowa ne. A miƙa da hannun dama, a naɗe, ba tare da ɗaga kuɗi sama ana ƙirgawa ba, a haɗa da godiya da harshen da mutumin ke ji. Yana da kyau a danƙa wa yaro kuɗin ya miƙa da kansa, domin ya tashi da sanin cewa wanda ya ɗauke shi a kafaɗa mutum ne mai haƙƙi. Iyaye mata kuma, in ba su son miƙawa da kansu, sai su ba ɗa ko ƙane ya isar.

Lokacinsa bayan an sauka ne. Nan ne bambancinsa da cin hanci yake. Abin da aka bayar bayan aiki, da daɗin rai, ga wanda ya yi hidima, tukwici ne. Abin da aka cusa tun farko domin a ƙara mana mutum biyu a jirgin da ya cika, ko a fita da mu bayan matuƙi ya ce ruwa bai yi ba, ko domin wani mai duba jirage ya kau da kai daga rashin rigunan kariya, wannan shi ne abin da 'yan gari ke kira tchoko, kuma a kan ruwa da rayukan mutane ake biyansa. Haka nan idan matuƙi ya yi ganganci, ya yi gudun wuce sa'a da yara a ciki, ko aka ji warin giya a bakinsa, ba a ba shi tukwici, a kuma gaya masa dalili cikin natsuwa. Kuma babbar girmamawa ga mai fito, wadda ta riga kuɗi, ita ce jin maganarsa. In ya ce ƙarfe uku, to ƙarfe uku.

A hanyarmu ta komawa gida a safiyar nan, Kawu ya tambaye mu wasu kwalekwale da ya taɓa hangowa daga kan gada, maƙare da yashi har ruwa na neman shiga. Muka gaya masa cewa masu nutso ne na Wouri, waɗanda ke sauka ƙasan kogi da bokiti, babu tukunyar iska babu tabarau, su ciko yashi su miƙa sama, tun safe har jirgi ya cika, kuma da irin wannan yashi aka gina ɗimbin gidajen Duwala, har da na unguwarmu. Su ba su da baƙon da zai ba su tukwici. Kawu ya yi shiru, can ya ce in zai sake zuwa, a kai shi ya gan su.

Hutun yara na ƙarshen shekara yana faɗowa cikin rani, lokacin da ruwa ya fi kwanciya. Muna ba iyalai shawara su kai 'ya'yansu su ga kogin da suke zaune a bakinsa, su tafi da wuri, su sa rigar kariya, su kuma riƙe 'yan canji a aljihu domin masu fito. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya sa wa masu neman halali a kan ruwa albarka a sana'arsu.